Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙon Kayan Tarihin Damagaram: A Dubi Ƙasar Da Ke Gindin Bango

Zuwa ga majalisar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da shugabannin birni, da ma'aikatan al'adu na jiha, da masu kula da gidan tarihinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma neman afuwa tun da farko in maganata ta yi tsawo ko ta yi nauyi.

Ni ɗan Birni ne, tsohuwar unguwar da fadar Sarki take, a nan aka yanke mini cibiya. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da yara tarihi da labarin ƙasa har na aje alli. Kakana na wajen uba magini ne, kuma abin da zan faɗa muku yau rabinsa daga bakinsa na ji shi, sauran rabin kuma ruwan sama ne ya koya mini.

A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni ya faɗi. Ginin ƙasa ne da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga sarakuna, ya ga zuwan Nasara da tafiyarsu, ya ci damina sama da 170 yana tsaye. Na ga dattawan da ba su saba kuka a gaban mutane ba suna share hawaye da bakin rawani. Kwana da kwanaki zancen gari ke nan: bango ya tsage, bango ya jiƙe, bango ya zube, a sake gina bango. Duk gaskiya ne. Amma tun daga ranar nake jiran in ji wani ya ɗauko maganar ƙasar da bangon yake tsaye a kanta, da hanyar da ruwa yake bi idan ya sauko daga indararo, da filin da ke kewaye. Da na ga shirun ya yi yawa, na ce bari in rubuto muku. Roƙona guda ne: ku ɗauki fili da lungu da magudana da itace da kududdufi a matsayin kayan tarihi, ku ba su mai kula da kasafi kamar yadda kuke bai wa gini, domin su ne suke riƙe da ginin.

Kakana, Allah ya jiƙansa, idan bazara ta kai ƙarshe aka fara ganin hadari a gabas, yakan ɗauki sandarsa ya zagaya gidanmu, ni kuma ina biye da shi da ƙwarya. Abin da ya ba ni mamaki ina yaro shi ne ba ya ɗaga kai ya dubi zankwaye. Ƙasa yake kallo. Ya dinga ƙwanƙwasa gindin bango da sanda yana saurare, inda ya ji sautin ya yi kamar ganga sai ya yi alama da gawayi. Daga nan ya ce in zuba ruwan ƙwaryar a gindin bangon, mu tsaya mu ga inda zai nufa. In ruwan ya gangara ya bar bango, ya wuce. In ya tsaya ko ya koma baya, ranar ba mai hutu a gidan: a kawo ƙasa, a cika, a daddaɓe har sai ƙasar ta karkata waje. Ƙarƙashin kowane indararo kuwa akwai faffaɗan dutse da ya aje, don kada ruwan da ke zubowa ya haƙa rami ya fantsama wa bango. Sai an gama wannan duka sannan a jiƙa makuba a yi yaɓe. Yakan ce ruwan da ya sauka a kan soro baƙo ne, zai wuce. Wanda ya kwana a gindin bango shi ne ɓarawo.

Ban gane zurfin maganar ba sai da ta faru a kaina. Wata shekara aka zo gyaran lungunmu, da kyakkyawar niyya, aka zuba jar ƙasa aka ɗaga hanya. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Ba wanda ya lura cewa hanyar ta fi dokin ƙofar zaurenmu tudu da kusan taƙi ɗaya. Da damina ta kankama, ruwan da a da yake bi ta tsakiyar lungu ya wuce, sai ya samu wurin zama tsakanin sabuwar hanya da bangonmu. Na ga jiƙar tana hawa bango kamar yadda mai yake hawa lagwani, yau ta kai idon sawu, mako mai zuwa ta kai gwiwa. Da rani ya zo wurin ya bushe, sai wani farin gishiri ya fito, ƙasar ta zama gari, in ka sa yatsa sai ta zubo. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar in shafe gindin da siminti, na kuwa yi. Simintin ya rufe wa jiƙar hanyar fita, ta ci gaba da cin tubali daga ciki ba mai gani. A damina ta uku, da asuba, muka ji ƙara. Zauren da kakana ya gina da hannunsa, da zanen da ke fuskarsa, ya durƙusa. Rufinsa lafiya lau yake, azara ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Daga ƙasa aka ci shi.

Ranku ya daɗe, abin da ya sami zaure ɗaya shi ne yake jiran unguwa duka, kuma garinmu yana da wata halitta da ta sa lamarin ya fi tsanani. Damagaram a kan dutse take zaune. Wannan dutsen ne ya sa muke shan wahalar ruwan sha tun kaka da kakanni, har sai an jawo mana shi daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Shi ne kuma ya sa idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ƙasa ba ta iya shanye shi, sai ya bi kan tudu yana neman gangare. Magabata sun san haka. Ramukan da suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, su ne suka zama kududdufai da tafkuna, ruwan unguwa ya taru a ciki. Wato wurin da aka ɗebi bango, nan ne kuma ruwan da zai kayar da bangon yake zuwa ya kwanta. Yau da yawa daga cikin ramukan nan sun zama juji, wasu an cike su an yanka filaye. Na san gari ya cika, na san kowa yana son inda zai sa haƙarƙarinsa, ba na zargin talakan da ya sayi fili da guminsa. Amma ruwa ba ya karanta takardar fili. In an toshe masa gidansa na da, zai shiga na mutane. Ina roƙon a ƙidaya kududdufan da suka rage a Birni da Zango da kewayensu, a sa su a taswira, a hana cike su, a kuma yashe su da rani. Maganar sauro da tsoron faɗawar yara gaskiya ce, kuma maganinta shinge da tsafta da kula, kamar yadda ake yi wa rijiya.

Leda kuwa ba sai na tsawaita ba, kowa yana gani. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita a ƙasar nan. Magudanar da aka kashe miliyoyi aka gina, leda cikin buhu ɗaya ta isa ta mayar da ita tafki. Yasar magudanu a watan Mayu, kafin ruwan farko, ta fi kowane taron jaje da za a yi a watan Satumba araha.

Akwai kuma maganar iyaka. Tun 2006 sunan tsohon garin Zinder, unguwar Birni da fadar Sarki, yake cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da niyyar neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, mun taya su murna da zuciya ɗaya. Duk wanda ya bi yadda ake wannan neman ya san ba kyan gini kaɗai ake dubawa ba. Ana tambaya: ina iyakar wurin, wane yanki ne aka keɓe a kewayensa don ya kare shi, wa yake kula, da wane tsari? Muna da dokar kare kayan tarihi ta 1997, amma doka tana aiki ne a kan abin da aka auna aka rubuta. Ganuwar da aka kewaye Birni da ita a zamanin Sarki Tanimun, yau ɗan abin da ya rage ne ake nuna wa baƙo. Ba rana ɗaya ta tafi ba. Wannan ya ɗebi ƙasa kaɗan ya yi yaɓe, wancan ya jingina ɗaki, wani ya buɗe hanyar da za ta rage masa zagaye, kowa yana ganin nasa bai kai a yi magana ba. In da an bar mata ko da taku ashirin ta kowane gefe, an dasa alama, an ce nan ba na kowa ba ne, da jikokinmu sun ga abin da muka gani. Abin da ya saura, da makabartun da, da tsofaffin rijiyoyi, da filayen da ke gaban manyan gidaje, a auna su tun yanzu, a yi musu takarda da sunan jama'a.

Duwatsunmu ma haka. Manyan duwatsun nan da suka hau kan juna a tsakiyar gari su ne fuskar Damagaram, duk wanda ya taɓa zuwa da su yake tuna mu. Zuciyata tana ɓaci in na ga an shafa musu fentin talla ko an mai da gindinsu makewayi. Wannan ba ya buƙatar kuɗin waje. Kalma ɗaya daga fada zuwa ga masu unguwa ta isa ta fara aiki.

Bari in zo kan itace, don nan ne na fi jin kunya a matsayina na ɗan birni. Dattawa suna ba da labarin cewa a zamanin sarakunan Damagaram na da, gawo yana ƙarƙashin kariyar Sarki, wanda ya sare shi ba da izini ba hukunci mai tsanani ne a kansa. Manoman Matamaye da Magariya da Mirya sun riƙe wannan gadon. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, su ne suka dinga barin tsiron gawo a gonakinsu suna sassabe shi suna renonsa, har masana daga ƙasashen duniya suka riƙa zuwa kallon yadda ƙasar da aka ce ta mutu ta sake yin duhun itace. Ba da injin ba, ba da tiyo ba, da adda da haƙuri kawai. To mu da ke zaune a gindin fadar da ta kafa wannan doka, me muka yi? Kowace ranar 3 ga Agusta muna fitowa da manyan riguna mu dasa itace, a ɗauki hoto, a watse. Kafin watan Maris akuya ta cinye rabi, ƙishirwa ta kashe saura. Na sha dasawa da ɗalibaina, na kuma sha komawa in tarar da sanda busasshiya a cikin rami, saboda haka da ni a cikin masu laifin. Dashe goma da aka yi wa shinge aka ɗora wa mutum ɗaya sananne alhakin ba su ruwa har rani biyu, sun fi ɗari biyar da ba mai su.

Kuma a zaɓi abin da za a dasa da inda za a dasa shi. Dogon yaro yana da saurin girma da inuwa mai sanyi, ba na raina shi, amma baƙo ne daga Indiya, kuma saiwarsa ba ta jin kunyar tushen gini. Kowane itace ma, in aka matsa shi jikin bangon ƙasa, illa zai yi: saiwa ta shiga ƙarƙashi, ruwan ban-ruwa ya jiƙa gindi, reshe ya goge yaɓe. A ba shi tazara. A farfajiyar wurin tarihi kuwa ina ganin itatuwan da suka yi tarihin ne suka fi cancanta. Bagaruwa, wadda da ƴaƴanta majeman garin nan suke jeme fatar da ta kai sunan Damagaram har bayan hamada. Ɗorawa, wadda daga kwasfarta ake samun makubar yaɓe. Giginya mai ba da azara, goriba mai ba da kaba, tsamiya, kuka, aduwa, kurna, magarya, da gawo uban gona. Yaron da aka nuna wa jakar fata a cikin gilashi, aka fito da shi aka nuna masa bagaruwar a tsaye, aka sa masa kwasfarta a hannu ya shinshina, ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba. A rubuta sunan kowane itace da amfaninsa da Hausa, da boko da ajami, sannan da Faransanci don baƙi.

Wanda ya je Gidan Tarihi na Ƙasa na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, ya san abin da ke jan mutane can. Ɗakunan nuni a warwatse suke cikin fili mai itatuwa, ga namun daji, ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a idon jama'a. Iyali sukan tafi su wuni. Da yawa inuwa ce da kallo suke kai su, daga nan ƙafa ta ja su cikin ɗakin tarihi. Ba na cewa mu kawo zaki da dorina, ruwan da za mu ba su ma ba mu da shi. Darasin shi ne farfajiya ita ce take fara yi wa baƙo maraba.

Na tuna wata shekara da na kai ƴan ajina ziyara wani wurin tarihi, a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Yara sittin da ƴan kai, ɗakin kuwa ba ya ɗaukar fiye da goma sha biyar a lokaci guda. Sauran suka tsaya a waje, ba inuwa, ba dakali, ba randa. Wata yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya ta cire kallabinta ta shimfiɗa a kan ƙasa ta tsaya a kai, don silifas ɗinta ya tsinke kuma ƙasar ta yi zafin da ba ta takuwa. Mai yi mana bayani mutumin kirki ne, ya san aikinsa, ya kawo musu ruwan butarsa. Da muka koma aji na ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Fiye da rabinsu rana suka rubuta. Har yau ina jin ciwon wannan, domin na san wasunsu ba su sake taka irin wurin ba. Rumfar zana ɗaya, dakali biyu, randa da moɗa, da makewayi mai tsafta na mata da na maza, da sun canza abin da yaran nan suka ɗauka a ransu game da tarihin garinsu.

Sai dai ina jin tsoron wani abu, kuma gara in faɗe shi. Idan aka ce a gyara fili, sau da yawa abin da ake fahimta shi ne a kori mutane, a zuba siminti, a kewaye da ƙarfe, a sa kwaɗo. Don Allah kada a yi mana haka. Ƙofar fada tana da rai ne saboda dogarai da ke zaune, da masu kawo gaisuwa, da dawakin hawan salla, da mahauta ranar hawan kaho, da tsofaffin da ke hira a dakali bayan la'asar. Mai tuyan ƙosai da ke bakin lungu tun kafin a haifi wasu ma'aikatan, ita ce take fara ganin tsaga a bango, ita ce kuma take korar yaron da zai yi fitsari a wurin. A tsara mata inda za ta zauna da inda za ta zubar da ruwan wanke-wankenta nesa da bango, a sa ta cikin masu kula. Manyan motoci masu girgiza ƙasa su ne ya kamata a nisanta da tsofaffin gine-gine. Daɓen siminti kuwa, ban da zafin da yake tarawa, yana ƙara wa ruwa gudu ya tura shi gidan maƙwabci. Bikin Zinder Sabuwa na 2018, lokacin da garinmu ya karɓi bikin ranar Jamhuriya, ya kawo mana tituna da fitilu, mun gode, mun kuma amfana. Abin da nake roƙo shi ne duk aikin hanya da za a sake yi a cikin tsohon gari, kafin a zuba tifa ɗaya ta ƙasa, a kira magina na gargajiya su duba tudu da gangare tare da injiniyoyi. Tun ran gini tun ran zane.

Na san za a ce ba kuɗi, kuma na san halin da ƙasa take ciki. Amma ku duba abin da na lissafa: awo, yasa, shinge, randa, ban-ruwa. Mafi yawansa aikin hannu ne da tsari. A Jenne ta ƙasar Mali, gari duka yake fita kowace shekara a yaɓe babban masallacinsu a rana ɗaya, maza da mata da yara, kamar ranar salla. Mu ma mun san gayya, ba a wurin kowa za mu koye ta ba. In Mai Martaba ya sa rana a ƙarshen bazara ya ce yau ta gyaran magudanu da gindin bango ce, masu unguwa suka yi shela, limamai suka faɗa a masallatai, samarin majalisun hira na unguwanni za su fito, ni shaida ne a kan ƙarfinsu in an girmama su an kira su da suna. Ɗaliban Jami'ar André Salifou masu karatun labarin ƙasa suna neman abin da za su yi bincike a kai; ga taswirar hanyoyin ruwan Birni tana jiran mai zana ta. Abin da ya rage wa hukuma shi ne amalanke da shebur da motar kwashe abin da aka yaso, don in aka bar shi a bakin magudana ruwan farko zai mai da shi inda ya fito.

Abu ɗaya ne ba ya yiwuwa sai da ku. A yau idan bango ya tsage an san ƙofar da za a buga. Idan ruwa ya kwanta a gindin bangon, mai gini ya ce hanya ba tasa ba ce, mai hanya ya ce tarihi ba aikinsa ba ne, mai itace ya ce shi dashe kawai ya sani. Ku zauna ku naɗa mutum ɗaya, da sunansa da ofishinsa, wanda filayen wuraren tarihi suke wuyansa, wanda mai unguwa zai iya samu kai tsaye, wanda kuma zai zo gabanku sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ya faɗi abin da ya gani.

Ina gayyatar duk wanda kuka wakilta ya zo Birni ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ba washegari ba, a lokacin da ruwan yake gudu. Ya bar mota a bakin titi, ya naɗe ƙafar wando. Zan riƙe masa lema, mu bi ruwan tun daga indararo har inda ya tsaya. Sandar kakana tana nan a wurina, zan zo da ita.

Allah ya taimaki Sarki, ya yi muku jagora a kan amanar da ke hannunku. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram.